Neman Aiki da Kafuwa a Sana'ar Gini: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya mako ya wuce wani yaro bai tare ni a bakin sait ba, ko wata uwa ta aiko a ce in taimaka in sa ɗanta a hanya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Da kwanon sarki a ka na shiga wannan sana'a, kuma har yau da ita nake ciyar da iyalina.

Oga, ban iya komai ba, ban kuma san kowa ba. Ta ina zan fara?

Ta leburanci, ƙanena, kamar yadda yawancinmu muka fara. Kowane babban gari yana da matsayar leburori inda ake taruwa bayan sallar asuba ana jiran mai ɗauka. Amma ni na fi son yaro ya taka da ƙafarsa zuwa unguwannin bakin gari inda ake sababbin gine-gine, ya nemi foman ko babban birkila, ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Kada ka nemi mai gidan, ba shi ke ɗaukar lebura ba. In kana da cebur, ka saɓo shi. Wanda ya zo da cebur a kafaɗa an san aiki ne ya fito da shi.

Ranar da aka fi samun shiga ita ce ranar zubin dakin, wato rufin kankare na bene, domin kankaren bene ba a son a katse shi, sai an tara hannu da yawa an gama a yini ɗaya. Irin wannan rana ce ta farko a wurina. Na naɗe tsumma na yi gammo, ina hawa tsanin katako ina sauka, ruwan siminti yana gangarowa ta bayan kunnena. Kafin la'asar tafin hannuna ya saɓule. Washegari foman ya ɗaga kai ya gan ni na dawo, sai ya ce in tsaya kusa da birkila in riƙa miƙa masa kwaɓi. Daga baya ya gaya mini cewa dawowar nan ce ta sa ya riƙe ni, don yawancin sababbi ba a sake ganinsu a rana ta biyu.

Sai dai kada ka yi zaman dirshan a leburanci. Baya da gwiwa ba sa ɗaukarsa har tsufa. Tun daga makon farko idonka ya kasance a hannun mai sana'a.

Wane fanni ya kamata in koya?

Gida ɗaya sana'o'i da yawa ne suke taruwa a kansa. Akwai birkila, akwai kafinta mai haɗa katakon dakin da na rufi, akwai mai lanƙwasa rodi, mai aikin famfo, mai wayarin, mai walda, mai alminiyom, mai tayil, mai silin, mai fenti. A wajen hanya da gada kuma akwai direbobin katafila da gireda da tifa.

Birkila ba ya rasa aiki, ko a ƙauye ko a birni, kuma daga cikinsu ake yawan samun foman don su ne suke ganin gini tun daga tushe har sama. Amma in ka tambaye ni inda giɓi yake a yau, zan ce a aikin ƙarshe: tayil, silin, fenti mai kyau, famfon da ba ya yoyo a cikin bango. Je ka manyan gidajen Abuja ka tambayi wa ya shimfiɗa tayil, sau da yawa za a ce maka mutumin Togo ne ko na Jamhuriyar Benin. Abin yana ci mini rai, don ba wani asiri gare su ba. Suna daɗewa a koyo, suna auna abu sau biyu kafin su yanka, suna share wuri in sun gama. Yaron da ya yi haƙuri ya kai wannan matsayi, masu gida ne za su riƙa karɓar lambarsa daga hannun juna.

Ka duba jikinka da halinka kuma. Mai jin jiri a sama kada ya nufi rufi. Mai gaggawa ya bar tayil.

Yaya zan zaɓi ogan da zan koya a wurinsa, kuma shekara nawa ake yi?

Kafin ka ji bakinsa, je ka ga aikinsa. Ka tsaya a kusurwar katangar da ya gina ka rufe ido ɗaya ka hango ta, in ta yi ciki ko ta karkace, to abin da zai koya maka ke nan. Sannan ka tambayi yaran da ya yaye: suna ina yanzu, suna cin gashin kansu? Ogan da ya shekara da shekaru bai yaye kowa ba, leburori yake tarawa a kyauta.

Mahaifinka ko wani babba naka ya kai ka, a yi magana a gaban shaida: tsawon koyo, kuɗin abinci da na mota, ranar hutu, da lokacin da za a fara ba ka wani abu daga kuɗin aiki. Yawanci ana yin shekara 2 zuwa 3, ya danganta da fanni da kaifin yaro. Watannin farko aike ne da wankin kayan aiki da kwaɓi, kada ka raina su. Wanda bai san kwaɓi ya yi daidai ba ta hanyar kallonsa a kan cebur, ba zai taɓa zama birkila ba. Amma in shekara ta zagayo ba a taɓa miƙa maka cokalin gini ba, manyanka su koma su yi magana.

Mene ne yake raba gwani da ɗan koyo?

Awo da lissafi. A nan nake so ka tsaya da kyau, don a nan yaranmu da yawa suke makalewa, hannu ya iya amma kai bai riƙe lamba ba.

Buhun siminti kilo 50 ne, kuma yana cika kwanon sarki 2. In injiniya ya ce kankaren 1:2:4 yake so, ma'anarsa kashi 1 siminti, 2 yashi, 4 tsakuwa. Wato buhu ɗaya zai ci kwano 4 na yashi da kwano 8 na tsakuwa. Bulo mai inci 9 tsawonsa milimita 450 ne, tsayinsa 225, don haka murabba'in mita ɗaya na bango yana cin wajen bulo 10. Da wannan kaɗai za ka iya tsayawa a fili ka faɗa wa mai gida bulo nawa katangarsa za ta ci, ba tare da ka yi ta kame-kame ba. Sandar rodi mita 12 ce, kuma dole ka bambance mai milimita 10 da 12 da 16 da ido. In za ka fitar da kusurwar ɗaki, ka auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗaya gefen, in tsakanin ƙarshensu ya ba ka 5 cif, kusurwa ta tsaya. Tsofaffin magina da igiya da turaku suke yin wannan, kuma har gobe yana aiki.

Sai ban-ruwa. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya haɗe da siminti. Ana ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake lissafa cewa ƙarfinsa ya kai. A zafin bazara ko iskar hunturu, in ka bar shi yini ɗaya ba ruwa, da safe za ka tarar da fuskarsa ta tsattsage.

Na ƙarshe, kuma shi ne tsanin da ke kai mutum foman: karanta zanen gini. Ka roƙi injiniyan sait ya nuna maka a lokacin hutu. Yawancinsu suna jin daɗin a tambaye su. Ranar da ka iya buɗe takarda ka fitar da ɗakuna a ƙasa ba tare da an tsaya a kanka ba, kuɗin yininka ya canza.

Ni da na koya a hannu, ina buƙatar takardar shaida?

A unguwa ba mai tambayar ka ita. Amma ranar da ka tunkari babban kamfani ko aikin gwamnati, ita za a fara nema. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai matakai 3, ana farawa daga mataki na 3 a haura zuwa na 1, kuma tana da ofis a jihohi. Akwai jarrabawar NABTEB ga waɗanda suka bi ta makarantun fasaha. Hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna tana da tsarin NSQ, wanda ake auna abin da mutum ya riga ya iya da hannunsa a ba shi shaida a kai. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, shi ma yana horar da matasa sana'o'i. Ka je ofishin da kanka. Kada ka ba wani kuɗi ya kawo maka takarda har gida, don ranar gwaji cokali za a miƙa maka.

Na gama sakandare, ina son shiga ta hanyar karatu. Me zan karanta?

Hanyoyin su ne injiniyancin gine-gine da hanyoyi, fasahar gini, zanen gine-gine, ƙiyasin kuɗin gini, da safiyo. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna sun daɗe suna yaye mutane a waɗannan fannoni. Digirin injiniya shekara 5 ne. A kwalejin fasaha kuwa ana yin ƙaramar difloma shekara 2, a fita aikin sanin makama shekara ɗaya, a dawo a yi babbar difloma shekara 2. Bayan karatu akwai rajista: COREN ga injiniyoyi, CORBON ga magina, ARCON ga masu zane, QSRBN ga masu ƙiyasi. Sai da ita sa hannunka yake da nauyi a kan takardar aiki.

Ga shawarata ga ɗalibi. Watannin SIWES da ake tura ku koyon aiki, kada ka nemi ofis mai sanyi inda za a sa maka hannu a littafi kana zaune. Ka nemi sait mai ƙura. Na sha ganin matashi ya zo da digiri mai kyau amma bai san yadda ake ɗaure rodin linta, wato kankaren saman ƙofa da taga, ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya. Leburori suna gane irinsa cikin awa ɗaya, daga nan ba mai jin maganarsa. Wanda ya ce wa tsohon birkila, "Baba, nuna mini yadda kuke yin wannan," shi ne yake fita da ilimi biyu.

Yaya ake samun aiki a manyan kamfanoni?

Kamfanoni irin su Julius Berger, Dantata & Sawoe da CCECC suna ɗaukar ma'aikata ne gwargwadon aikin da ke hannunsu. In aka buɗe babban aiki, kamar layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, ana ɗaukar leburori da direbobi da masu sana'a da dama daga garuruwan da aikin ya ratsa. Ka kai takardunka sansanin aikin, ka kuma bibiyi ƙananan 'yan kwangilar da ke karɓar wani sashe daga hannun kamfanin, ta wurinsu aka fi shiga. Masu digiri su riƙa duba shafin kamfanin na intanet. A takardar neman aikinka ka faɗi gine-ginen da ka yi aiki a kansu da abin da kai ka yi a ciki, ka haɗa da hotuna.

Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom ko na riga da hula kafin a ɗauke ka, ɗan damfara ne.

Aikin yini ya fi ko jinga? Kuma yaya zan kare kaina daga masu cinye haƙƙi?

Sabon shiga ya tsaya a aikin yini, a sallame shi da yamma. Jinga ta fi riba ga wanda ya san saurin hannunsa kuma ya iya lissafi. In ba ka iya ba, za ka karɓi aikin da kake zaton na kwana 10 ne ya cinye maka 20, ka biya leburori daga aljihunka.

Na taɓa karɓar jingar shafen wani gida a kan magana ta fatar baki, don mai gidan dattijo ne kuma na ji nauyin in ce a rubuta. Da aiki ya zo ƙarshe sai ya ce ai har da katangar waje muka yi ciniki. Ba shaida, ba takarda. Na yi katangar, na sallami yarana, na koma gida da kuɗin mota kawai. Tun daga ranar ba na ɗaga cokali sai an rubuta: wane aiki, nawa, wa zai kawo kaya, wa zai kawo ruwa, da yadda za a biya. Ko saƙon waya ne ya wadatar, muddin ya amsa. Ka karɓi kafin alƙalami, sauran kuma a raba shi mataki-mataki: in an kai linta, in an kai rufi, in an gama. Kada ka bar kuɗi mai yawa ya taru a hannun mutum har ƙarshe. In kuma an ƙara aiki a tsakiya, a ƙara rubutu a ranar.

Kai ma in ka zama oga, ka sallami lebura kafin guminsa ya bushe. Yaron da ka riƙe wa kuɗin yini, wataƙila da shi za a ɗora tukunya a gidansu a daren.

In mai gida ko ɗan kwangila ya ce in rage siminti ko rodi fa?

Wannan ita ce jarrabawar da kowane magini zai gamu da ita, kuma yawanci tana zuwa ne a ranar da aljihu ya bushe. Za a ce maka siminti ya yi tsada, buhu ɗaya ya yi aikin biyu, ko a sa rodi mai 10 inda zane ya ce 16, ko a ɗora bene a kan tushen da aka yi don gida mai hawa ɗaya. Za a ce ba mai gani, shafe zai rufe.

Ka tuna benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, mutum fiye da 40 suka rasu. Yawancinsu ma'aikata ne irinmu, waɗanda suka fito neman abin da za su kai gida. In gini zai faɗi, mu ne a ƙarƙashinsa tun kafin mai shi ya tare. In kuma ya jira sai an tare, 'ya'yan mutane ne suke barci a ciki.

Ka yi wa mai gida bayani cikin ladabi. Ka ce, "Alhaji, in kuɗi ne bai kai ba, mu rage ɗaki ɗaya, ko mu dakata a linta sai an samu." Da yawa suna yarda in an nuna musu. In ya ƙi, ka tattara kayanka. Na san abin da nake cewa yana da nauyi ga mai iyali, na kuma taɓa yin sa na yi makonni ba aiki. Haka kuma kada kai ka zama ɓarawon: buhun da ya fita ta bayan katanga, ko rarar rodin da aka kai wa 'yan gwangwan, labarinsu yana riga ka isa sait na gaba.

In na ji rauni a wurin aiki, wa zai ɗauki nauyina?

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa ga asusun NSITF, don a kula da wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu. A kamfani mai rajista ka tambaya ko an sa sunanka, ka kuma shiga ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan gine-gine. A ƙananan sait na unguwa kuwa, yawanci sai abin da mai gida ya ga dama, don haka kariyarka tana hannunka. Ka sayi takalmi mai tauri kafin ka sayi sabuwar waya, ƙusa ba ta san silifa ba. Ka sa hular kwano da safar hannu, ka rufe hanci in ana yankan tayil ko zazzage siminti. Katakon da za ka taka a sama, ka gwada shi da kanka. Kuma ka nisanci ƙwayoyin da ake cewa suna ƙara ƙarfi. Mai tiramol a ka ba ya jin gajiya, ba ya kuma jin lokacin da ƙafarsa ta kai bakin dakin.

Mace za ta iya shiga wannan harka?

Ƙwarai. Akwai mata masu zanen gini, masu ƙiyasi da injiniyoyi, kuma fenti da adon cikin gida suna karɓar su sosai. Akwai ma wata dama da mu maza ba mu da ita: gidan aure da ake son gyaran famfo ko wuta alhali mai gidan ba ya nan.

Ana ce mini akwai kuɗi a ginin ƙasashen waje. In tafi?

In da takardar aiki ta gaskiya da bizar aiki, ta hannun kamfanin da Ma'aikatar Ƙwadago ta ba lasisin ɗaukar ma'aikata, ka karanta sharuɗɗan ka yi shawara da manyanka. Bizar Umara ba ta aiki ba ce. Hanyar Sahara kuwa ba na yi wa kowa fatanta. 'Yan'uwanmu da yawa sun yi leburanci a gine-ginen Aljeriya, aka kwaso su aka zube a iyakar Nijar wajen Assamaka, wasu ko kuɗin aikinsu ba su karɓa ba.

Yaya mutum yake zama ɗan kwangila?

A hankali. Katanga, sai shago, sai gida mai ɗaki 2. Kowane aiki ka ɗauki hotonsa kafin da bayan. Ka riƙe yara 3 ko 4 amintattu, ka saba da mai bulo da mai tifa da ba za su ba ka kunya ba. Kuɗin aiki kada ya haɗu da na cefane, wannan shi ya fi kayar da sababbin 'yan kwangila: a ci kuɗin gidan wani, a jira na wani a toshe ramin. Ka shiga adashi ko ka ware wani abu don lokacin da aiki ya ja baya, kamar tsakiyar damina.

In ka fara tsayawa da ƙafarka, ka yi rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka buɗe asusun banki da sunan. Kwangilar gwamnatin tarayya tana neman ƙarin takardu, na haraji da hukumar fansho ta PenCom da ITF da NSITF, kuma biyanta yakan yi jinkiri. Kada ka shige ta da kuɗin bashi.

Mahaifina maginin ƙasa ne. Wannan ilimi yana da sauran amfani?

Riƙe shi da hannu biyu. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ƙasa da azara ya ɗaga bakunan Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma masu nazarin gine-gine har yanzu suna zuwa kallonsu. A Nijar, masallacin ƙasa na Yama da Falke Barmu ya gina ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Fadojin sarakuna da tsofaffin gine-gine irin Gidan Makama na Kano suna buƙatar gyara lokaci zuwa lokaci, kuma masu iya tubali da makuba da zanen bango suna ta raguwa. Ɗakin ƙasa ya fi na bulo sanyi a bazara, kowa ya sani. Ka koyi aikin siminti da karanta zane don neman abinci na yau da kullum, amma duk ranar da Baba zai ɗaura azara, ka ajiye komai ka je ka riƙe masa igiya.